Igiyar Bature a Wuyan Ɗan Illela

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Ya 'yan'uwana matasa, a garinmu Illela naktaye baƙo ne, kuma har yau ba a gama yi masa maraba ba. Gari ne na kasuwa da fatauci, kilomita 80 da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, kafaɗa da kafaɗa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi, idan kasuwa ta cika ta batse, za ka ga rawanin Buzaye da malfar Fulani, da babbar riga da kaftani da jallabiya, har da rigunan ƙungiyoyin ƙwallon Turai a jikin yara masu tura kura. Amma sai ka zaga daga kara har wajen 'yan albasa ba ka ga wuya ɗaya mai naktaye ba. Masu ɗaura shi sanannu ne: ma'aikacin banki, da lauyan da shari'a ta kawo daga Sakkwato, da 'yan makarantar kuɗi da aka rataya musu mai roba, sai kuma ango a hoton biki. Akwai na biyar, wanda dominsa na ɗauki alƙalami: saurayin da ya gama karatu, aka kira shi ganawar neman aiki, ya tsaya gaban madubi riƙe da ƙyalle mai tsawon mita ɗaya da rabi, bai san ta inda zai ɓullo masa ba.

Tambaya biyu ce a cikin wannan saurayi. Ta farko, shin ya halatta Musulmi ya ɗaura wannan abu? Ta biyu, yaya ake ɗaura shi? Ta farkon yakan yi ta a fili, a majalisa ko a bakin masallaci, domin tambaya ce mai daraja. Ta biyun kuwa kunyarta yake ji, sai ya haɗiye ta. Sakamakon haka shi ne abin da muke gani: yaro mai ilimi da natsuwa ya shiga gaban masu ɗaukar aiki da ƙulli a karkace kamar an ɗaure akuya, jelar naktaye ta tsaya a kan cibiya, zuciyarsa kuma tana raya masa cewa saɓon Allah yake yi. Bai samu natsuwar mai tsoron Allah ba, bai kuma samu kwarjinin mai ado ba.

Ƙanena ya taɓa shiga wannan hali. Bayan ya kammala Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi hidimar ƙasa, ya shekara biyu yana zaman jiran tsammani, sai wani banki ya kira shi ganawa, aka rubuta a takardar cewa a zo da kwat da naktaye. Kwana uku kafin ranar, wani abokinsa mai yawan karance-karance a intanet ya ce masa naktaye gicciyen Nasara ne da aka ɓad da kamarsa, wanda duk ya rataya shi ya yi kama da su. Yaron nan ya dawo gida jiki a sanyaye, yana cewa shi kam ya haƙura. A gidan da mahaifiya take jiran ranar da za a ce ɗanta ya fara ɗaukar albashi, wannan magana ba ƙarama ba ce. Mun kwana biyu muna bin zancen, daga malamai zuwa littattafai, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan daga wannan bibiya ya fito.

Tun da fari, ba na cikin masu yi wa dattawanmu dariya idan suka tsargu da suturar Bature. Ranar da kakarmu ta ga ƙanena yana gwaji, cewa ta yi, "Ɗan nan, wagga igiya da kaɗ ɗamre ga wuya, wa za ya ja ka da ita?" Kowa ya yi dariya, amma tambayar tana da tushe. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. A ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Bayan haka yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tabbatar da layin da ya raba mu da 'yan'uwanmu na Ƙonni, dangi ɗaya, harshe ɗaya. Mutanen da suka gaji wannan labari daga bakin iyayensu, idan suka ga ɗansu cikin kayan waɗanda suka yi wannan aiki, dole gabansu ya faɗi. Ƙyamar tasu ƙwaƙwalwar tarihi ce, kuma ta cancanci girmamawa. Sai dai ƙwaƙwalwar tarihi daban, hukuncin shari'a daban.

Batun gicciye kuwa, tarihin naktaye a rubuce yake, kuma ba daga coci ya fito ba. Daga fagen fama ya fito. A lokacin yaƙin shekara 30 da aka gwabza a Turai, daga 1618 zuwa 1648, Faransa ta ɗauki sojojin haya daga ƙasar Kuroshiya, waɗanda al'adarsu ce su ƙulla ɗan ƙyalle a wuya. Abin ya burge mutanen Paris, suka kwaikwaya, suka kira shi da sunan mutanen da suka gani da shi. Daga nan kalmar Faransanci ta samo asali, wadda 'yan bokon Ƙonni da Tawa suke furtawa karabat, Misirawa kuma suke cewa karafatta. Mu da Ingila ta mallaka muka ɗauko tata kalmar, wasu su ce naktaye, wasu laktaye. Dubi abin mamaki: tafiyar mintuna kaɗan a kan kabu-kabu, ƙyalle ɗaya ya canza suna, kowane suna yana nuna wanda ya mulki masu faɗinsa. Surarsa ta yau, doguwa mai kai kamar mashi, ta daidaita ne a shekarun 1920, lokacin da wani mai ɗinki a New York, Jesse Langsdorf, ya ɓullo da dabarar yanka yadin a karkace, a haɗa shi gida uku, don ya riƙa sauka sak ba tare da murɗewa ba. Babu limamin Kirista a cikin wannan silsila. Hasali ma suturar limaman coci da aka sani ita ce farar kwala zagayayya marar naktaye, kuma a yau Bajapane mai bin addinin Buddha da ɗan kwaminisancin Sin da Baturke Musulmi duk suna ɗaura shi.

Ƙa'idar da malamai suka gina a kai ita ce, asalin tufafi halacci ne, sai wanda dalili ya fitar: wanda bai rufe al'aura ba, ko na mata ga namiji, ko wanda ya keɓanta da ibadar wani addini, ko na alfahari da jan hankali, ko alharini ga maza. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Mugira ɗan Shu'uba, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabba ta ƙasar Sham mai matsattsun hannaye, har da zai yi alwala sai da ya fito da hannayensa ta ƙarƙashinta. Ɗinkin wasu mutane ne, ba na Larabawan Hijaz ba, kuma bai hana shi sawa ba. A kan wannan ne mafi yawan malaman zamani suka tafi cewa tufar da ta zama ruwan dare tsakanin al'ummu ta fita daga babin kamanceceniyar da aka hana. Akwai malamai na kirki da suka ƙi shi, suna ganin barinsa ya fi, kuma wanda ya bi su don tsantseni ba a zarginsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki mas'alar saɓani a mayar da ita takobi, a sare wa ɗan talaka hanyar abincinsa ta halal da ita, alhali mai saran yana sanye da agogon Siwizalan da shaddar da aka saƙa a Ostiriya.

Inda gizo yake saƙa daban ne, kuma abokin ƙanena bai ko ambace shi ba. Alharini nake nufi. Naktaye mafi daraja a wurin Turawa shi ne na tsantsar alharini, irin wanda ake saƙawa a garin Como na Italiya. Haramcin alharini ga maza kuwa ba mas'alar jita-jita ba ce, nassi ne ingantacce da duk ɗalibin zaure ya sani. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna cewa ta ambaci wannan hani, ta kawo saɓani a kan yadin da aka gauraya da alharini, ta kuma sassauta a kan siririn layi a jikin tufa. A Sahihu Muslim akwai rangwamen da aka ruwaito daga Sayyidina Umar na gwargwadon yatsa biyu zuwa huɗu. Wasu sukan fake da wannan, su ce ai faɗin naktaye bai wuce yatsa huɗu ba. Lissafin ya yi kusa, domin yawancinsu santimita 7 zuwa 9 ne a wuri mafi faɗi. Amma rangwamen, yadda na fahimta daga malamaina, a kan ado ne da aka yi wa wata tufa, kamar gefe ko cin wuya, ba a kan abu mai zaman kansa da aka yi shi ɗungurungum da alharini ba. Tunda ga na auduga, ga na ulu, ga na foliyesta, ban ga abin da zai sa mutum ya tsaya a bakin rijiya yana auna zurfinta da yatsu ba.

A nan ne zama a bakin iyaka yake da nasa sirri. Sabon naktaye mai sheƙi da ake sayarwa cikin kwali tare da hankici a shagunan Sakkwato, kusan duk foliyesta ne, yawanci daga ƙasar Sin, inda gari guda mai suna Shengzhou yake ɗinka kaso mai yawa na naktayen duniya. Wannan ba shi da matsalar alharini, ko da an kira shi siliki a baki. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne na gwanjo. Kayan gwanjo suna cikin jerin abin da Nijeriya ta hana shigowa da shi, amma shekara da shekaru dila-dila suna sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, su hauro Nijar, su gangaro kasuwanninmu ta hanyoyin da kowa ya sani. Ko rufe iyaka da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, tsada suka jawo wa gwanjo, ba su kashe shi ba. A cikin waɗannan diloli ake samun naktayen da wani attajirin Milan ko London ya gaji da shi, na alharini tsantsa, ana sayar da shi kuɗin kwanon shinkafa. Wato ɗan talakan da ya je gwanjo don neman sauƙi ya fi mai kuɗi kusa da faɗawa cikin abin da aka hana.

Maganin abin mai sauƙi ne. Juya bayan naktayen, akwai ɗan ƙyallen bayani a maƙale. Idan ka ga silk da Ingilishi, ko soie da Faransanci, ko seta da Italiyanci, ko Seide da Jamusanci, to alharini ne, ajiye shi ko ka saya wa ƙanwarka ta yi ɗan abin ɗaure gashi. Idan ƙyallen ya cire, zaro zare ɗaya daga ciki ka kusantar da shi ga ashana. Alharini yakan ƙone da ƙaurin gashi, ya bar toka mai murmushewa a yatsa. Foliyesta kuwa narkewa yake kamar leda, ya dunƙule ya yi tauri. Sannan ka ƙura wa zanen ido. Turawa suna da al'adar yin naktaye na musamman ga makarantu da rundunonin soja da ƙungiyoyi da kamfanoni, kowanne da tambarinsa. Na taɓa tsintar wani a tulin gwanjo, kyakkyawa shuɗi, da na duba ƙananan zanen da ke jikinsa sai na ga tambarin kamfanin giya ne. Wasu kuma garkuwa ce mai gicciye a tsakiya. Ga gicciyen gaskiya nan, ga mai nemansa, ba a surar ƙyallen ba.

Idan an tsallake wannan, sauran magana ta ado ce, kuma ado ba abin kunya ba ne ga Musulmi. Mu ne mutanen da saurayi zai ɓata rabin sa'a yana karya hula, dogari ya yi shekaru yana koyon naɗa wa sarki rawani har kunnuwa biyu su tsaya daidai. Wanda ya fito daga irin wannan gida bai kamata ƙyalle ɗaya ya gagare shi ba.

Wanda zai mallaki naktaye ɗaya tak, ya nemi shuɗi mai duhu, launin baba, marar zane ko mai ƙananan ɗigo. Yana shiga da farar shat, yana shiga da mai ruwan sararin samaniya, yana zama da kwat baƙa ko mai ruwan toka, kuma yana haƙuri da ƙurar hunturu fiye da kowane launi. Idan Allah ya hore na biyu, a nemi ja mai duhu kamar zoɓo. Waɗannan launuka biyu suna yi wa baƙar fata kyau ƙwarai. A guji mai ƙyalli kamar takardar alewa, wanda ake haɗawa da shat mai launi ɗaya da shi, domin wannan shigar mawaƙan biki ce, ba ta mai neman a damƙa masa amanar kuɗin jama'a ba. Naktaye ya fi shat duhu. Idan shat tana da ratsi, naktaye ya zama lafiyayye, domin ratsi a kan ratsi hayaniya ce. Faɗinsa kuma ya yi daidai da kunnen kwat, wato ɓangaren ƙirjin nan da ake lanƙwasawa: siririn saurayi mai siririyar kwat ba ya ɗaukar faffaɗan naktayen shekarun 1970, irin wanda ya cika gwanjo.

Amma kafin naktaye akwai kwala, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa. Shat ɗin aro ko ta gwanjo sau da yawa wuyanta ya fi na mai sawa, sai naktaye ya tattare kwalar kamar bakin buhu. Ko kuma ta yi kaɗan, mutum ya bar maɓallin sama a buɗe yana ɓoye shi da ƙulli. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Gwajin shi ne, ka ɓalla maɓallin ƙarshe, ka zura yatsa biyu tsakanin kwala da wuyanka. In sun shiga ba tare da sarari ya ragu ba, ta yi. In ba ta yi ba, telan unguwa zai matsar da maɓallin cikin minti biyar. Matsewa fiye da kima ba ado ba ce, har lafiya takan taɓa: wani bincike da aka yi a asibitin jami'a a Kiel ta Jamus, aka wallafa a 2018, ya nuna matsattsen naktaye ya rage gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa da kashi 7.5 cikin 100 a samarin da aka gwada.

Ƙulli kuwa iri-iri ne. Wasu masana kimiyyar lissafi biyu a Jami'ar Cambridge, Thomas Fink da Yong Mao, sun ƙirga hanyoyi 85 a littafin da suka fitar a 1999. Kai ɗaya kake bukata, mafi sauƙinsu, wanda Turawan Ingila suka raɗa wa sunan keken da dawakai huɗu ke ja. Ɗaga kwala, ka rataya naktayen a wuya, ɗinkinsa yana kallon jikinka, faffaɗan ɓangaren a dama, ya zarce siririn da kamar taƙi ɗaya da rabi. Gitta faffaɗan a kan siririn zuwa hagu. Zagayo da shi ta ƙarƙashi zuwa dama. Sake gitta shi ta sama zuwa hagu, ka ga ya yi ɗamara a gaba. Cusa shi ta ƙarƙashin haɓa ya ɓullo sama, sannan ka zura shi ƙasa ta cikin ɗamarar nan. Kafin ka ja, sa ɗan yatsa a tsakiya, dab da ƙullin, ka matse gefe biyu, don ya bar ɗan kwarmi kamar dimful a kumatu. Wannan ɗan kwarmi shi ne bambancin wanda ya iya da wanda aka ɗaura wa. Sai ka riƙe siririn, ka tura ƙullin sama har ya rufe maɓalli, ka sauke kwala. Tsinin naktayen ya taɓa kan bel, kada ya gaza, kada ya wuce. In bai yi daidai ba, kwance ka sake, ba a gyara tsawo da ja. Ƙullin zai ɗan karkata kaɗan, haka halittarsa take. Babban ƙullin nan mai kusurwa uku da ake kira Windsor yana bukatar kwala mai buɗaɗɗen baki da wuya mai kauri. A wuyan ɗan saurayin da bai daɗe da barin garin kwakin makaranta ba, kamar an rataya masa ƙwarya yake.

Sai sallah, wadda littattafan adon Turawa ba su san da ita ba. Azahar da La'asar za su riske ka a ofis. Wajen alwala, kada ka jefa naktaye bayan kafaɗa, zai zamo ya faɗa ruwa daidai lokacin da kake wanke ƙafa. Cusa jelarsa cikin shat tsakanin maɓalli na biyu da na uku. A ruku'u da sujada yakan yi reto, ya riga goshi isa ƙasa, mutum ya shagala da kama shi. Ɗan ƙarfen maƙalewa da ake sawa tsakanin maɓalli na uku da na huɗu, ya haɗa naktaye da shat, yana raba wannan gardama, sai dai a kula kada ya zama na zinare. Ban san malamin da ya ce naktaye yana ɓata sallah ba, matuƙar yana da tsarki. Abin da na sha gani a sahu, wanda ya fi naktaye hatsari nesa ba kusa ba, shi ne matsattsen wando mai gajeren ƙugu da guntuwar shat: mutum ya yi sujada, shat ta zame, bayansa ya buɗe har abin da ke ƙasa da ƙugu ya bayyana ga na sahun baya. Wannan al'aura ce, kuma suturta ta sharaɗi ne. Mai ɗinka kayan ofis ya ce wa tela ya ɗaga ƙugun wando, ya sake shi a cinya, ya kuma ƙara wa shat tsawo. Ka gwada sujada a ɗaki kafin ka biya kuɗin ɗinki.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba: tufa ce da ba a yi ta don ƙasarmu ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Illela yake haura digiri 40, rufe wuya da maɓalli da ƙulli azaba ce da babu hikima a cikinta. Kakanninmu da suka buɗe wa babbar riga gefe biyu sun fi sanin wannan rana. Su kansu masu abin sun fara gajiya da shi. Japan ta fara shirin sassauta shigar ofis lokacin zafi a 2005 don rage wutar na'urar sanyaya ɗaki. A Yulin 2022 Firayim Ministan Sifaniya, Pedro Sánchez, ya fito taron manema labarai ba naktaye, ya roƙi ministocinsa su yi haka saboda tsimin makamashi. A Fabrairun 2021 aka fitar da Rawiri Waititi, ɗan majalisa daga ƙabilar Maori, daga zauren majalisar New Zealand don ya ƙi ɗaurawa, yana kiransa igiyar ratayar mulkin mallaka, kusan kalmar kakarmu ke nan, kuma cikin kwanaki aka soke dokar. Jami'an Iran sun yar da shi tun bayan juyin 1979. Mobutu ya hana shi a Zayar daga farkon shekarun 1970 har 1990, ko da yake wannan ya nuna cewa cire naktaye ba ya mayar da azzalumi adali. Mu kuwa muna da misalin da ya fi waɗannan: Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, ya kuma yi wa majalisar dokokin Amurka jawabi a Yulin 1961, cikin babbar riga, da Ingilishin da ya sa Turawa suka yi tsit. Don haka inda aka ba ka zaɓi, ka sa kaftaninka da hularka, ba ka rage komai ba. Inda kuma doka ce ta wurin aiki, kamar banki ko Makarantar Horon Lauyoyi, ka ɗaura shi ɗaurin wanda ya san abin da yake yi.

Ga mai tasowa daga Illela zuwa ganawa a Sakkwato, kada ya ɗaura tun daga gida. Tafiyar Gwadabawa da Kware cikin motar haya mai mutum huɗu a baya za ta mayar da shi tsumma, kuma a kan kabu-kabu iska takan watsa shi bayan wuya ya kwashi ƙura. Haka nan kada a kusanci injin niƙa ko janareta da shi yana reto. A naɗe shi kamar tabarma, daga siririn ɓangare, a sa a aljihun jaka, in an isa a nemi masallaci ko wani wuri mai inuwa a wanke fuska a ɗaura.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakaninmu, ta barin ƙulli ɗaya shekara da shekaru. Wani yaya da ya iya ya ɗaura sau ɗaya, daga nan sai a riƙa sassautawa ana zarewa ta kai kamar tsarkiya, ana rataye shi a ƙusa, ana ba da aronsa daga wannan ango zuwa wancan mai ganawa. Ƙullin yakan yi baƙi da maiƙon hannu, yadin ya karye a wurin, tsawon kuma na mai ɗaurin farko ne, ko da mai aron ya fi shi da taƙi guda. In an dawo gida a kwance shi gaba ɗaya, ta hanyar bin matakan ɗaurin a juye, ba da fizgar siririn ɓangaren ba. A naɗe shi ya kwana, da safe tattarewar ta baje da kanta. Ba a dirza shi a ruwan omo, ba a ɗora masa dutsen guga kai tsaye, musamman na gawayi, domin foliyesta narkewa yake nan take. Idan ya yi tabo, a goga a hankali da ɗan tsumma mai laima. Idan guga ta zama dole, a shimfiɗa farin hankici a kai, a bi da dutse mai ɗumi-ɗumi. Sannan a ajiye shi cikin akwati tare da hulunan zuwa Idi, inda ƙura da gara ba za su kai gare shi ba.